Garmahon Kawu da Ƙurar Hunturu

Tun Haɗejiya tana cikin tsohuwar Jihar Kano, kafin a yanki Jigawa a 1991, babu ƙofar gidan da yaran unguwarmu a Baturiya suka fi ɗoki kamar ta kawuna. Fataucin bandar kifi yake yi zuwa Kano. A wata tafiya ya dawo da garmaho mai batir, da faya-fayan Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos. Bayan isha'i sai a shimfiɗa tabarmin kaba, manya a gaba, mu yara a baya muna leƙe.

Kafin kalangu ya tashi, sai ka fara jin shuuu, da tas-tas kamar ana gasa masara. Kawu ya tsani wannan ƙara. Yakan ce iri biyu ce: akwai ta datti, wadda wanki ke fitarwa, akwai ta rauni, wadda sai dai haƙuri. Waƙar tana kwance ne a cikin siririn tsagin da ya kewaye faifan, allura tana bi. Duk ƙwayar yashin da ta ci karo da ita, sai ta faɗa wa duniya.

Da hunturu abin ya fi tsanani. Iska ta bushe, hazo ya rufe fadama, kana goge faifai yana ƙara jan ƙura kamar maganaɗisu. Shi ya sa Kawu ba ya sa busasshen tsumma. Kuma duk ruwan da ya kewaye mu, bai yarda da na kogi ba saboda laka, bai yarda da na rijiya ba don yana barin fari-fari idan ya bushe. Ruwan sama yake tarawa da damina a tasa, a tsakar gida, ya tace, ya ɗura a kwalabe. Ɗigon sabulu kaɗan, da ƙyalle mai laushi, sai ya bi tsagin a zagaye, ba ya tsallaka shi, ba ya jiƙa takardar tsakiya. Ya ɗauraye, ya jingine faifan a tsaye cikin inuwar zaure. Allura kuwa da gashin tsuntsu yake share mata ƙura, daga baya zuwa gaba. A gefe ake riƙe faifai. Mai man kifi a hannu, ko kusa.

Wata rana ya tafi kasuwar Haɗejiya, na ce bari in burge shi. Na ɗauko babban faifan Shata, mai juyi 33, na goge da bakin rigata, ban san da yashi a jikinta ba. Da na kunna, allura ta riƙa tsalle a wuri guda. Na ɗora kobo a kan hannun garmahon, yadda na ga wasu suna yi. Tsallen ya daina, nauyin kuma ya ƙara cin tsagin.

Da daddare Kawu ya kunna. Ƙas. Faifai ya zagayo. Ƙas. Ya ɗaga shi kusa da fitilar ƙwai, ya daɗe yana dubawa.

"Ɗan nan, wannan wace iri ce?"

"Ta rauni ce, Kawu."

"To, ka gane karatun."

Bai ƙara ko kalma ba, bai kuma daina sa faifan ba.

Daga baya kaset ya zo, muka koma jin gurmin Haruna Uji, ɗan Haɗejiyarmu, a rikoda, garmaho ya shige ƙarƙashin gado. Yanzu waƙar nan ta Shata tana cikin wayata, babu wanki, babu allura. Amma duk lokacin da ta iso wurin nan, sai in ji kunnena ya tsaya yana jiran ƙas.