GARIN KWANA BIYAR A GONAR SHANU

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani taro da na gani a Ingila cikin watan Yuni na 2024, sa'ad da aka aike ni can ƙaro ilmin aikin ofis. Sunan taron Bukin Gilastonbari, kuma taro ne na makaɗa da mawaƙa. Amma kada malamai su ji an ambaci kiɗa su juya shafi, gama abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya fi kiɗa nauyi.

Wurin yana cikin lardin Samasat, kudu maso yammacin Ingila, kusa da wani ƙauye wai shi Pilton, kamar mil 6 daga garin Gilastonbari. Gona ce ta shanun madara, ana kiranta Worthy. Mai gonar, Mista Maikel Ibis, shi ya fara taron ran 19 ga Satumba, 1970. A wannan shekara mutum 1,500 suka zo, kowa ya biya fam 1, aka kuma ba su madara kyauta. Yau an yarda wa wurin ya ɗauki mutum wajen 210,000, a kan fili kamar eka 900, har da gonakin maƙwabta da akan ara. Kuɗin shiga a shekarar da na je fam 360 ne, duk da haka tikitin kan ƙare kafin sa'a guda ta cika daga fara sayarwa. Ba kuwa a sayar wa mutum sai ya riga ya ba da sunansa da hotonsa, don kada wani ya saya da yawa ya sayar da tsada.

Daga Landan muka shiga jirgin ƙasa ran Laraba, 26 ga wata, muka sauka wata 'yar tasha da ake kira Kasil Keri, tafiyar kamar sa'a biyu, daga nan mota ta kai mu ƙofar gonar. An kewaye wurin duka da katangar ƙarfe wadda tsawonta ya haura ƙafa 12. An kafa ta a 2002, domin a 2000 mutane dubbai sun tsallaka shinge sun shiga ba biya, har hukuma ta ji tsoron turmutsitsi. Daga ƙofa kuwa kowa shi ne jakin kansa. Za ka ga likita da lauya da ɗan makaranta, kowa da tanti da shimfiɗa da guzuri a baya, ko a 'yar amalanke, suna haɗa gumi suna neman wurin sauka kamar fatake sun iso zango da almuru.

Wanda ya riga zuwa shi ke zaɓen wuri, zaɓen wurin nan kuwa ilmi ne. Abokan tafiyata, waɗanda sun saba zuwa, suka ce kada a kafa a kwari, kada a kafa bakin hanya, kada kuma a kusanci salga. Dalilin na fari shi ne ƙasar wurin yumɓu ce mai riƙe ruwa. A 1997 da 2016 taɓo ya cika gonar, a 2005 kuwa ruwa ya sauko da hadari har ya shanye tantunan da ke kwari. Saboda haka muka hau gangare muka kafa namu. Mu dai Allah ya taimake mu, ba mu sha ruwan kirki ba. Da na juya na duba ƙasa, sai ga tantuna ja da kore da shuɗi iyakar ganin ido, kusa da kusa har igiyar wannan ta hau ta wancan. Mutane da yawa sukan ɗaura tuta a doguwar sanda don su gane masaukinsu, gama in ka ɓata a nan sai ka yi ta yawo har gari ya waye.

Wani abin mamaki ga baƙo shi ne tsawon yini. A wannan lokaci rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, ta kuma fito wajen ƙarfe 5 na asuba. Su suna kiransa lokacin zafi, amma da tsakar dare sanyi yakan ratsa tanti kamar na hunturu, da hantsi kuma tantin ya ɗauki zafi har ya kori mai barci. Ga kuma amon kiɗa ba ya yankewa sai kusan asuba. Wanda ya sami barcin sa'a huɗu ya yi arziki.

Wuraren wasa sun fi 100, amma babbansu shi ne wani dandamali da aka gina da siffar dalar Masar. An fara gina irinsa a 1971. Wanda aka yi a 1981, in taro ya watse, sai ya koma rumfar shanu da ma'ajin abincinsu, har wuta ta cinye shi a 1994. Na yanzu an buɗe shi a 2000. 'Yan ƙasarmu ma sun taka rawa a gonar nan. Marigayi Fela Kuti ya yi wasa a 1984, a shekarar da na je kuma ɗansa Femi Kuti ya hau babban dandamalin ran Asabar, Burna Boy ya hau ran Lahadi. Na ga Turawa dubbai suna amsa waƙar da ba su san ma'anarta ba, na ce lalle kiɗa ba ya bukatar tafinta.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai abubuwan da mai kamun kai ba zai so ba. Giya tana da yawa, maza da mata a cuɗe, wasu kuma shigarsu ba ta kirki ba ce a idonmu. Wanda ya ce saboda wannan ba zai je ba, ban ga laifinsa ba. Amma in an ga zuma a kogon itace, ba a barinta don munin itacen.

To, jama'a, ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Mutum 210,000 gari ne babba, kuma kowane ɗayansu zai sha ruwa, zai ci abinci, zai zaga. An ja famfo ko'ina cikin gonar, ruwa kyauta, kowa ya cika gorarsa. Tun 2019 an hana sayar da abin sha a gorar roba wadda akan yar bayan an shanye. Kwalba kuwa ba a shiga da ita ko kaɗan, don kada ta fashe ta yanki mutum yau, ta yanki saniya gobe. An gina salga dubbai, akwai masu wanke su dare da rana. Ba na cewa suna da ƙamshi, amma suna nan, kuma sun isa. Ana ta jan kunnen mutane kada su yi fitsari a jikin shinge, domin akwai rafi da ya ratsa gonar, fitsarin jama'a mai yawa kuwa yana kashe kifi. Akwai wurin magani da likitoci, akwai 'yan sanda, akwai masu kashe gobara. Kowace safiya, tun mutane na barci, sai ka ga ayarin masu tsintar shara sun jeru sun share gaban dandamali tas. Da yawansu ba don albashi suke yi ba, aikinsu shi ne kuɗin shigarsu. Daga ribar taron kuma akan ba ƙungiyoyin taimako, irin su Oxfam da WaterAid, wadda aikinta samar da ruwan sha da salga ne a ƙasashe matalauta.

Ran Litinin kowa ya kwance tantinsa. Dokar wurin ita ce abin da ka zo da shi ka koma da shi. A da mutane sukan bar tantuna da yawa su yi tafiyarsu, amma an yi ta wa'azi har hali ya sake, a 2019 masu gonar suka ce fiye da kashi 99 cikin 100 na tantunan an kwashe su. Bayan an watse, ma'aikata sukan yi makonni suna tsince filin, har sukan ja maganaɗisu da motar noma don ya tsamo turakun ƙarfe na tanti da suka maƙale a ƙasa, gama in saniya ta haɗiye ɗaya yana iya kashe ta. Sai an gama wannan duka kana a sako shanu su koma kiwonsu.

Har wa yau, bayan 'yan shekaru sukan bar gonar ta huta, ba a yin taron sam, kamar yadda manomi kan bar gonarsa saura. Sun yi haka a 2006, da 2012, da 2018, suka kuma sa 2026 ta zama shekarar hutu. Ku duba fa, tikiti yana ƙarewa cikin sa'a guda, kuɗi na jiran a ɗauka, amma mai gona ya ce a'a, ciyawa ta gaji, mutanen ƙauye ma sun gaji. Wannan shi ne sanin cewa ƙasa aro ce, kayan aro kuwa da kyau ake mayar da shi.

Saboda haka ina kira ga duk wanda aka ɗora wa shirya taron da jama'a za su kwana a fili, ko na buki ne, ko na addini, ko na kasuwa, kafin ya ƙidaya manyan baƙi da kujerunsu, ya fara ƙidaya rijiya da salga da masu shara, ya kuma tambayi kansa yadda zai bar wa mai fili filinsa. Cutar da ke bin taro ba daga sama take faɗowa ba, daga ruwa da ƙazanta take tashi. Malaman makaranta kuma su koya wa yara tun suna ƙanana cewa wanda ya sauka a zango, akwai mai zuwa bayansa. In masu kiɗa da rawa sun iya kiyaye wannan, mu da muke taruwa don abin da ya fi kiɗa daraja ba mu da hanzari.

Allah ya sa mu gane. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.