Manomi Ma Yana Son Rumbun Lafiya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili kaɗan in gaya wa 'yan'uwa abin da ya same mu a Tafashiya, ƙasar Kankiya.

Da damina matar ƙanena ta yi doguwar naƙuda. Aka kai ta asibiti cikin dare, likita ya ce sai an yi aiki. Ga shi ko anini babu a gida, gero bai nuna ba. Kafin azahar ƙanena ya sayar da shanun huɗarsa biyu da araha, don mai saye ya gane a matse yake. Allah Ya raya uwa da ɗa, amma rabin gonarsa ba ta nomu ba.

Ni malamin makaranta ne. Kowane wata akan yanki wani abu cikin albashina saboda inshorar lafiya, dā kuwa sai in yi ta gunaguni. Tun ran nan na kama bakina.

Gwamnatin Tarayya ta soma shirin nan a 2005, a 2022 aka yi dokar da ta wajabta shi ga kowa. To, manomi ba shi da albashi. Me zai hana a riƙa karɓar nasa rabon da kaka, sa'ad da yake da abin hannu?

Waɗansu malamai sun ce mini wannan rashin tawakkali ne. Allah Ya gafarta malam, wa ya taɓa zargin mai cika rumbu saboda bazara? Cuta kuwa ba ta sallama.

Naka,
Wani malamin makaranta, Tafashiya.