Daga Kano Zuwa Lidda: Awa Nawa Ne?

'Yan'uwa na wajen Darini, can ƙasar Batsari da Safana, sukan tambaye mu ko Urushalima ta fi Makka nisa. Suna ganin maƙwabtansu alhazai sun tashi Kano da hantsi, kafin dare an ji sun sauka Jidda, amma Kiristan da ya nufi Ƙasa Mai Tsarki sai ya kwana a hanya.

To, ga yadda lissafin yake. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Jidda wajen mil 2,130 ne. Daga Kano zuwa filin Ben Gurion na Isra'ila kuwa wajen mil 2,170, in an miƙe kamar igiya. Bambancin bai kai nisan Katsina zuwa Kano ba. Jirgi mai cin mil 500 a awa zai gama kowanne cikin awa huɗu da rabi.

Amma fa sama ma tana da iyakoki. Kowace ƙasa ita ke ba da izinin ratsa samanta, kuma ba dukan ƙasashen da ke tsakaninmu da Isra'ila ke yarda da jirgin da ya nufi can ba. Nijeriya kanta ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ba ta maido ba sai 1992. Wanda bai bi jirgin shata na masu ziyara ba, tilas ya sake jirgi a wata ƙasa. In ta Adis Ababa ya bi, tafiyar ta koma wajen mil 3,670, fiye da awa takwas a sama, ban da zaman jira. Ashe mun bi sawun baban nan na Habasha da Filibus ya yi wa baftisma, sai dai shi da keken doki ya yi tasa.

Filin Ben Gurion yana gefen garin Lod, wato Lidda ta Ayyukan Manzanni sura 9, inda Bitrus ya warkar da Iniyasu, wanda ya shekara takwas a kwance. Daga nan zuwa Urushalima wajen mil 30 ne.

A 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar ran 27 ga Oktoba, ba su iso Kano ba sai ran 1 ga Nuwamba. Mu da muke ƙorafin kwana ɗaya, sai mu yi shiru.

A ganinmu, mafi wuyar tafiyar tana ƙasa. Mutumin Darini zai nemi mota zuwa Katsina, ya sake wata zuwa Kano, fiye da mil 100. Saboda 'yan bindigan da suka addabi ƙauyukan bakin dajin Rugu, mai hankali ba ya bin hanyar nan da asuba ko bayan faɗuwar rana. Saboda haka iyalin da suka sayar da gero da awaki don kuɗin tikiti, su ƙara kwana ɗaya cikin lissafi, su kuma shirya wurin kwana a Kano tun da wuri, gama jirgi ba ya jiran wanda hanya ta tsare.