Guzurin Wadda Ba Ta Tafiya

Duk maniyyacin da ya zauna a wurin bita ya san cewa malamai ba sa fara darasi da ɗawafi ko jifan Shaiɗan. Da abin da mutum zai bari a bayansa suke farawa: ya biya bashi, ya mayar da ajiyar mutane, ya nemi gafarar waɗanda ya ɓata wa, ya rubuta wasiyya, sannan ya bar wa waɗanda ciyarwarsu take wuyansa abin da zai ishe su har ya dawo. Hikimar a fili take. Ba a son mutum ya tsaya a Arfa yana roƙon rahama alhali a gida akwai mai kuka da shi.

A shekarar 2023, cikin kujeru 95,000 da Saudiyya ta ware wa Nijeriya, Allah ya sa guda ta zama tawa. Da na zauna lissafin haƙƙoƙi sai na tarar nawa ba su da yawa. Maigidana ya rasu, 'ya'yana biyu kowa yana gidansa, ɗaya a Kano ɗaya a Zariya, ba wanda yake bi na ko sisi. A gidan nan nawa na Rano, rai ɗaya ne kawai yake jiran hannuna safe da yamma, ita ce mage. A ɗakin mahaifiyata aka haife ta, kuma bayan an yi sadakar arba'in, da aka raba tabarmi da kwanuka, ita ce ba wanda ya ce yana so, sai ta zama rabona. Ba mu sa mata suna ba, don ba al'adarmu ba ce. In an ce mus-mus ta zo, shi ke nan. A lokacin da ake shirin tashinmu, cikinta ya riga ya fito.

Da na fara maganar wa zan bar wa ita, dariya aka yi ta yi mini. Maƙwabciyata ta ce, "Haba Malama, mutane na tunanin kuɗin guzuri da hadaya, ke kina tunanin mage? Ai Allah ne yake ciyar da ita." Maganarta tana da ƙamshin gaskiya. Mage ba akuya ba ce da za a ɗaure a turke a yanko mata harawa. Masana tarihi sun nuna cewa ita ta kawo kanta wurin ɗan'adam tun da ya fara tara hatsi, domin inda hatsi yake nan ɓera yake. A tsibirin Kubrus ma an tono kabarin mutum da mage a gefensa mai kimanin shekara 9,500. Mu ma a ƙasar Rano, ƙasar dawa da gero da gyaɗa, ma'aikaciya muka ɗauke ta. Ita ce mai gadin rumbu da ɗakin ajiya, ladanta kuwa ɗan abin da ya rage a kwano. Tun da aka gane cewa ɓera ne yake yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno, aikin nata ya ƙara daraja ga wanda ya sani.

Sai dai magen da take yawo a gida mai mutane daban take da wadda aka kulle wa ƙofa kwana arba'in. Tun muna makarantar Islamiyya aka karantar da mu hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka yi wa azaba saboda mage: ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. Wannan shi ya hana ni barci. In na kulle ta a ciki, na bi sahun waccan mata. In na kore ta waje na kulle, na miƙa ta ga abubuwan da na sani sarai: shinkafar ɓera da ake barbaɗawa a lungu, wadda take kashe ɓeran ta kuma kashe wanda ya ci shi, da karnukan mafarauta, da yara masu danƙo, da masu ganin kowace mage ta dare a matsayin mayya. Ga shi cikin mage mako tara ne, wato ba makawa ina can za ta haihu, a tsakiyar ruwan farkon damina.

Na fara duba na kusa. Akwai almajirin da yake ɗebo mini ruwa, yaro mai amana, amma da ruwa ya sauka malaminsu yakan kwashe su zuwa gona. Ban da haka, ɗora wa yaro ɗan shekara goma sha biyu makullin gida zalunci ne, domin ko cokali ya ɓata shi za a fara kallo. Maƙwabciyata kuwa tana da 'yan tsaki cike da tsakar gida, mijinta kuma yana cikin masu cewa gashin mage yana sa tari. Ta yi mini alkawarin za ta riƙa miƙo sauran tuwo ta kan katanga. Na gode mata, amma na san tuwo ba ya riƙe mage, balle mai shayarwa. Halittarta ta cin nama ce, kuma albasar da ba a raba miyarmu da ita tana lalata mata jini.

Sai hankalina ya koma Kibiya, gidan kakanninmu. Tsakanin Rano da Kibiya tafiya ce da ba ta kai sa'a guda a mota ba, kuma a wurinmu ƙasa ɗaya ce tun fil azal, ƙasar Autan Bawo. Ba gidan da za ka shiga a nan ka rasa mai dangi a can. A can Goggo take, ƙanwar mahaifina, wadda ta haura saba'in. Ta yi aure sau biyu, ta haifi uku, ba wanda ya rayu. Tana zaune a ɗaki guda a gidan yayanta marigayi, matan 'ya'yansa suna zuba mata abinci bi da bi. Ba wanda yake wulaƙanta ta, ba kuma wanda yake neman ta da wani abu. Na je da niyyar in roƙe ta ta riƙe mini magen a ɗakinta.

Ta saurare ni har na gama, ba ta yi dariya ba. Sannan ta ce, "Ke 'yar nan, kare ne yake bin mutum. Mage gida take bi. Sau nawa na ga an sa ta a buhu an kai ta bayan gari, kafin mai buhun ya huta ta riga shi komawa? In kika kawo ta nan da cikin nan, daren farko za ta kama hanyar Rano, ko ta isa ko kada ta isa."

Na ce, "To Goggo, yaya za a yi?"

Ta ɗan yi shiru tana jan carbi. Ta ce, "In ba a iya kawo ta wurina, ai ni ana iya kai ni wurinta."

Ba a ɗauki tsohuwa daga gidan ɗan'uwanta haka kawai, sai na nemi Yaya, babban ɗan marigayin, wanda gidan yake hannunsa. Ya yi jim, ya ce, "Yanzu in mutane suka tambaye ni ina Goggo, in ce ta tafi renon mage?" Goggo ta amsa daga cikin ɗaki, "Ka ce musu na tafi jiran gidan alhajiya." Da wannan aka rufe maganar, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Kwana uku kafin a kira mu sansanin alhazai a Kano, aka kawo ta da ƙullin kayanta da butarta. Na so su saba ina nan. Na sayi busasshen kifin Tiga mai yawa na zuba a tukunya mai murfi, na bar kuɗi a wurin mahauci don a riƙa kawo ɗan tarkacen nama duk bayan kwana biyu. Na nuna mata kaskon ruwa da ake sakewa kullum, da tagar ɗakin girki da ake bari a buɗe don shiga da fita. Na sa kwando da tsummoki a bayan buhunan dawa, inda duhu yake kuma ba a yawan wucewa. Na roƙi maƙwabta kada a sa maganin ɓera ta wajen katangarmu. Almajirin kuma na ce ya ci gaba da zuwa duk ranar da ya samu dama, ya ɗebo ruwa ya karɓi abincinsa a hannun Goggo. Ina ta jero sharuɗɗa tana kallona, can ta ce, "Na reni uwar wannan magen a ɗakin uwarki kina makaranta. Je ki haɗa jakarki."

An ce a Ingila akwai gidajen ajiye maguna masu lasisin hukuma, mutum ya biya kuɗin kwana ya yi tafiyarsa. Mu ba mu da irinsu. Zumunci muke da shi, shi ma kuma ba kyauta ba ne, sai dai ba da naira ake biyansa ba.

A Madina da Makka na ga maguna suna kai da kawo a harabar masallatai, ba mai kora, wasu alhazai har suna tsiyaya musu ruwa a murfin gora. Na tuna Sahabin da duniya ta san shi da alkunyar 'yar kyanwar da yake ɗauka, Abu Huraira, da kuma ruwayar da take cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ta tabbatar da cewa mage ba najasa ba ce, tana cikin masu zagayawa a tsakanin mutanen gida. An yi tsayuwar Arfa ranar 27 ga Yuni. Kwana biyu bayan nan, muna Mina, wayata ta yi ƙara. Maƙwabciyata ce, wadda ta fi kowa dariya, ta ce in riƙe ga Goggo. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "An sauka lafiya, huɗu ne. Ba ta yarda da kwandonki ba, a cikin akwatin zannuwana ta haihu." A muryarta na ji wani abu da na daɗe ban ji ba, irin muryar wanda yake da labarin da ake jira.

Na dawo a ƙarshen Yuli, dawa ta kai gwiwa, duwatsun Rano sun yi kore shar. Bayan 'yan taryar sun watse, Goggo ta zaunar da ni ta yi mini lissafi kamar ma'aji. Kifi ya ƙare a mako na biyar, ta sayo wani da canjin mahauci, ga ragowar naira ɗari uku. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya mutu a kwana na uku, ta haƙa rami a gindin zogale ta binne shi. Buhunan dawa ba wanda ɓera ya taɓa. Almajirin ya yi zazzaɓi, ta kwantar da shi a zaure kwana huɗu har ya warke. Ta kwance makullin daga haɓar zaninta ta miƙo mini.

Ban karɓa ba. Na ce, "Goggo, ai 'ya'yan ba su isa yaye ba tukuna, sai sun yi wata biyu." Ta dube ni, ta san abin da nake nufi, na san ta sani. Ta mayar da makullin ta ɗaure.

Da kaka ta yi, Yaya ya aiko daga Kibiya cewa ɓeraye sun dame su a rumbu. Aka sa biyu daga cikin 'ya'yan a kwali aka huda shi, aka ba direban motar kasuwa. Ƙanana ne, ba su riga sun riƙe gida ba, saboda haka suka zauna. Ya kuma tambaya yaushe za a dawo da Goggo. Ta ce a gaya masa tana gaishe shi, amma saura ɗaya bai gama wayo ba.