Rami biyar ba ya nufin rim ya zauna

1/ Masu canza wa mota rim don gayu, ku matso kusa. Hutun da ya wuce saura ƙiris rim ya kwana da mu a daji tsakanin Wurno da gida, ni da yayana da ƙannenmu mata biyu. Kuma rabin laifin nawa ne. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Mu 'yan Maikujera ne, ƙaramar hukumar Rabah. Yaya albasa yake kaiwa kudu. Kasuwa ta yi masa kyau, ya cika burinsa na shekaru: Honda Accord mai ƙofa biyu, V6, samfurin 2003 zuwa 2005 da ake ce wa End of Discussion. Baƙa wuluk.

3/ Abu ɗaya ya tsaya masa a rai, ƙafafunta. Rim inci 16 ta zo da shi, ya ce kamar ta tsohon ma'aikaci. Sai ya ga rim inci 18 a status ɗin wani, Beljiyam, cirin Marsandi. Tambaya ɗaya ya yi: rami nawa? Aka ce biyar. Ya tura kuɗi, aka sako su mota daga Kano.

4/ Ina wurin ranar da aka ɗaura a Sakkwato. Na ga rim ɗin yana ɗan wasa kafin a ɗaure, na ga noti yana cijewa har yaron mai faci yana taka sifana da ƙafa. Na ce, "Yaya, kamar bai zauna ba." Ya ce, "Kai ɗan boko, mi kas sani ga mota? Ba ga shi ya shiga ba?" Aka yi dariya. Na ja bakina.

5/ Bayan kwana tara muka je ɗaurin aure Wurno. Gaskiya motar ta ja ido. A dawowa, bayan la'asar, da ya wuce 80 sai sitiyari ya kama rawa. Can muka ji ƙas! daga gaba ta dama. Ya gangara gefe. Ƙusoshi biyu cikin biyar sun karye, notin sauran ukun da hannu nake juya su.

6/ Duk ɗan gabashin Sakkwato ya san me ake nufi da mota ta tsaya a hanya rana na faɗuwa. Babu wanda ya ambaci 'yan bindiga, amma su ne a ran kowa. Ƙannena suka yi tsit, ƙaramar tana ta addu'a ƙasa-ƙasa. Hannun Yaya na rawa a kan jak.

7/ Allah ya taimaka safaya tana but. Muka ɗaura ta a kan ƙusoshi ukun, muka rarrafo a 30. Ana sallame magariba muka shiga gari, Inna na tsaye a bakin zaure. Daren nan ban yi barci ba, na zauna karanta abin da ya kamata in karanta tun farko. Ga shi:

8/ Na ɗaya, PCD. Faɗin da'irar da ramukan suke kai ne, a milimita. Accord da Camry 5x114.3. Marsandi 5x112. BMW E36 da E46, 5x120. Corolla ta 2003 zuwa 2008 samfurin Amurka, 5x100. Duk rami biyar ne, amma da'irar kowa daban.

9/ Tsakanin 112 da 114.3 milimita 2.3 ne kacal, ido ba ya gani. Ƙusar Honda kaurinta milimita 12, ramin rim ɗin Marsandi mai bolti 14 kuwa ya fi faɗi, shi ya sa ya shige. Amma kowane noti a karkace ya zauna, yana lanƙwasa ƙusa. Kowane juyin taya yana ƙara gajiyar da ƙarfen har ya ɓalle.

10/ Na biyu, babban ramin tsakiya. Shi ke zama a kan hob ya daidaita ƙafa. Accord 64.1, Camry 60.1, Marsandi 66.6, BMW ɗin can 72.6. In ramin ya yi ƙanƙanta ba zai shiga ba. In ya yi faɗi akwai zoben da ake sawa ya cike giɓin. Namu giɓin 2.5 ne, babu zobe. Wasan da na gani ke nan.

11/ Na uku, ET. Juya rim ɗin ka duba bayansa, za ka ga rubutu irin 8Jx18 ET45: faɗi inci 8, girma inci 18. Lambar ET in ta yi ƙasa ƙafa na fitowa waje ta goga madgad, in ta yi sama tana shigewa ciki ta taɓa shokozoba ko birki. Kwatanta da lambar rim ɗinka na asali.

12/ Na huɗu, mazaunin noti. Wani rim bakin raminsa kamar mazurari ne, wani zagaye kamar kwano, wani a baje. Notin Honda na asali mai zagaye ne, yawancin rim ɗin kasuwa mazurari. In aka haɗa su ba daidai ba, noti na kwancewa da kansa ko da PCD ya dace.

13/ Na biyar, taya. Tamu ta asali 205/60R16, kaurin robarta daga rim zuwa ƙasa kusan milimita 123. Wadda ta zo da sabon rim 225/40R18, milimita 90. A titin Abuja ba laifi. A hanyarmu kuwa robar nan ce ke shanye rami, in ta yi siriri rim ne zai sha.

14/ Kafin ka biya: a turo hoton bayan rim. A gwada ƙafa ɗaya, gaba da baya. Noti ya shiga da hannu har ya zauna, ba da taka sifana ba. A juya sitiyari iyakarsa hagu da dama a ji ko yana goga. Accord ana ɗaure ta a 108 Nm. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake dubawa.

15/ Abin da ya fi ci min rai shi ne na gani da idona tun a wurin mai faci. Kunyar a ce ƙane yana gyara wa yayansa a gaban mutane ta sa na yi shiru, kuma da shirun nan na bar ƙannena suka shiga motar. Da na ja shi gefe na sake faɗa, na san zai saurara.

16/ An canza ƙusoshi a ƙafa huɗun duka, an mayar da inci 16. Yaya bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai shekaranjiya ya turo min hoton batir ya ce, "Ɗan boko, duba min wanga." Rim huɗu kuma suna zaure, mai Marsandi ya yi min DM, amma ya zo da lambobinsa. Allah ya tsare mana hanya.