Ƙofa ce ta lalace, ba rumbun ba

Masu gyaran kwamfuta da yawa tsakanin Gummi da Gusau magani ɗaya suke da shi ga kowace cuta: a yi mata fomatin, wato a share duk abin da ke cikinta a zuba sabuwar Windows. Aiki ne mai sauri, kuɗinsa sananne, kuma na'urar takan dawo tana gudu. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, me ke cikinta, kuma akwai kwafinsa a wani wuri?

Tawa tsohuwar laftof ce, amma abin da ke cikinta ba nawa ba ne ni kaɗai. Garinmu Tungar Guru na cikin ƙauyukan Bukkuyum da Anka da gubar dalma ta afka wa a 2010, lokacin da ake shigo da duwatsun zinare cikin gidaje ana niƙawa, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Sama da yara 400 ne suka rasu a yankin, likitocin MSF suka yi shekaru suna jinyar waɗanda suka rayu. Tun daga nan na riƙa ɗaukar hoton katunan asibitin 'ya'yan dangi da na maƙwabta, domin takarda ba ta jure gara da damina, balle gudun tsira daga 'yan bindiga. Wasu katunan na asali sun ɓace. Yaran yau samari ne da 'yan mata, dalma kuma takan daɗe a cikin ƙashi, don haka wata rana likita zai nemi sanin abin da aka auna a jininsu.

Kwatsam sai File Explorer, manhajar da ke buɗe jakunkunan fayil, ta fara faɗuwa. Da na taɓa jakar hotunan sai tagar ta yi fari, sandar ƙasan allo ta ɓace, ta dawo, komai ya rufe. Mai gyaran da na kai wa ya duba na minti biyu, ya ce, "Malam, sai dai a wanke ta." Na yi masa godiya, na ɗauko abata.

Dalilina shi ne, File Explorer mai tsaron ƙofa ce kawai. Hatsin yana cikin rumbu ko da ƙofar ta cije. Na lura sauran jakunkuna na buɗewa lafiya, wannan ɗaya ce ke kayar da ita. Cutar da ke da wuri guda kuwa tana da sanadi guda. Kullum ta faɗi sai in danna Ctrl da Shift da Esc tare, in tayar da ita daga Task Manager. Sannan na buɗe Event Viewer, kundin da Windows ke rubuta kowace faɗuwa a ciki. A ƙarƙashin kuskure mai lamba 1000 akan ga sunan ɓangaren da ya jawo matsalar. Sunan da na gani na wata manhajar kallon bidiyo ce da aka sa wa na'urar tun kafin ta zo hannuna.

Daga nan zaren ya warware. Idan an buɗe jaka, Explorer kan yi ƙoƙarin zana ɗan ƙaramin hoton kowane fayil, kuma ga bidiyo takan nemi taimakon irin waɗannan manhajoji. In ta ci karo da gurɓataccen fayil, mai taimakon ya faɗi, ya ja ta ƙasa. Na shiga Control Panel, na umarce ta da ta riƙa nuna alamomi kawai maimakon ƙananan hotuna. Jakar ta buɗe. Na raba fayilolin gida biyu, na gwada kowane rabi, na sake raba wanda ya faɗi, har na isa ga mai laifin: wani bidiyo da ya yanke a tsakiya ranar da batir ya mutu ana kwafarsa daga waya. Umarnin sfc /scannow da chkdsk suka tabbatar mini Windows da rumbun ajiyar lafiyarsu ƙalau.

Duk wannan ban buƙaci intanet ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Wanda ya zauna a Zamfara a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa na jihar baki ɗaya, ya san shawarar "sauko da manhajar gyara" ba kullum take da amfani ba.

Ban ɗora wa masu gyara laifin duka ba. Kuɗin aiki ake biyansu, ba na lokaci ba, kuma kwamfutocin da ake kai musu sau da yawa cike suke da ƙwayar cutar da filasha ke yaɗawa, mai ɓoye jakunkuna ta bar inuwarsu. Wani lokaci fomatin ɗin ne mafita. Amma kwashe fayilolin mutum kafin a share ya kamata ya zama sharaɗin sana'ar, ko da za a ƙara masa kuɗi. Buƙatar hakan za ta ƙaru, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma tsofaffin na'urorinmu da yawa ba za su ɗauki Windows 11 ba.

Bidiyon dai bai gyaru ba, na sunan wani ɗan ƙanena ne. Katunan kuwa yanzu suna cikin filasha biyu, ɗaya a akwatina, ɗaya a hannun yayata a Gummi.