Wa Ya Gaya Maka?

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu girma, zan ba ku labarin wata tambaya mai kalmomi huɗu da malaminmu na Tarihi ya rubuta mini da jan biro a zangon karatun da ya wuce. Tambayar ta hana ni barci dare biyu, kuma ita ce ta sa na tsaya gaban 'yan ɗakinmu na roƙi gafarar yaro ɗan aji ɗaya.

Ran da Malam ya shigo ya rubuta "Daular Zulu" a kan allo, aji ya ɗauki gunaguni. Wani daga baya ya ce, "Malam, ina ruwanmu da mutanen Afirka ta Kudu, alhali tarihin garinmu ma ba mu gama sani ba?" Malam bai yi fushi ba. Sai ya tambaye shi shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu. Muka amsa baki ɗaya, 1817. Ya ce, "To, shekara ɗaya kafin wannan, wato 1816, wani saurayi mai suna Shaka ya hau sarautar wata 'yar ƙaramar ƙabila can kusa da bakin tekun Indiya. Lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake shirya daula a Sakkwato, shi ma Shaka yana can yana gina tasa. Zamaninsu ɗaya, nahiyarsu ɗaya. Ba ku son sanin abin da maƙwabci yake yi sa'ad da ake gini a gidanku?" Daga nan kowa ya gyara zama.

Wahalar farko da muka sha ita ce sunaye. Malam ya rubuta Mfecane, ya ce harafin "c" na Zulu ba irin namu ba ne na "ciki" ko "cinya". Ana manna harshe ne a bayan haƙora a fizge, kamar mai yin tsaki. Ya ce mu gwada. Mu arba'in muka shiga zuba tsaki, ana cikin haka sai ga Shugaban Makaranta ya zo wucewa ta baranda. Ya leƙo fuska a murtuke, yana zaton malami muke yi wa rashin kunya. Sai da Malam ya yi masa bayani, ya girgiza kai ya wuce. Tun daga ranar ba wanda ya sāke manta sunan Mfecane ko na Sarki Cetshwayo.

Ga abin da muka koya a taƙaice. An haifi Shaka wajen shekarar 1787. Mahaifinsa Senzangakhona shi ne sarkin Zulu, mahaifiyarsa kuwa Nandi. Ba ta zauna daɗi a gidan sarauta ba, saboda haka yaron ya tashi a hannun dangin uwa yana shan gori. Da ya girma ya shiga rundunar Dingiswayo, sarkin Mthethwa, ya yi suna wajen yaƙi. Dingiswayo ne ya taimake shi ya hau gadon ubansa. Bayan da Zwide, sarkin Ndwandwe, ya kashe Dingiswayo, Shaka ya tattara jama'ar maigidansa ya haɗa da tasa, ya ci Ndwandwe da yaƙi, ya zama babban sarki a ƙasar da ake kira KwaZulu-Natal a yau.

Malam ya ce ƙarfin Shaka yana cikin tsari. Ana tara samari tsara tsara a rundunoni da ake kira amabutho, su zauna a barikoki, su yi wa sarki noma da kiwo da yaƙi, kuma ba mai aure sai sarki ya ba rundunarsu izini. Makaminsu gajeren mashi ne mai faɗin baki, iklwa, wanda ake suka da shi gaba da gaba, ga kuma doguwar garkuwa ta fatar shanu. Don mu gane yadda suke ja dāgā, Malam ya fitar da mu filin ƙwallo wata Laraba da yamma. Ya raba mu kashi huɗu bisa siffar kan sa: ƙirji a tsakiya, ƙaho biyu dama da hagu, ƙugu kuma a baya yana jiran ko ta kwana. Karan dawa ne māsunmu, murfin bokiti garkuwarmu. 'Yan aji huɗu suka zama abokan gaba. Suna fama da ƙirji, ba su ankara ba sai ga ƙahoni sun zagaye su ta baya. Abin da na karanta sau uku ban fahimta ba, ran nan na gane shi cikin minti goma. Lalle gani ya kori ji.

Da irin wannan dabara ce, in ji Malam, mayaƙan Cetshwayo wajen dubu 20 suka murƙushe sansanin Turawan Ingila a Isandlwana ran 22 ga Janairu, 1879, inda aka kashe fiye da mutum 1,300 a ɓangaren Ingila. Amma bindiga ta yi rinjaye daga baya. Ran 4 ga Yuli na wannan shekara aka ƙone Ulundi, babban birninsu, aka yayyanka ƙasar gida 13.

Ni dai Shaka ya shiga raina. A lokacin an naɗa ni shugaban ɗaki, ina da yara goma sha takwas a ƙarƙashina. Na ɗauka cewa shugaba na gari shi ne wanda in ya yi tari kowa zai nutsu. Wanda ya makara shara, tsallen kwaɗo. Wanda bai gyara gado ba, ya ɗauki lauje ya nufi ciyawa. Ba a daɗe ba abokaina suka laƙaba mini Shaka, ni kuwa ina jin daɗi, har tafiyata ta sāke.

Ana nan sai kuɗin wani ɗan aji uku ya ɓace daga akwatinsa. Wani abokina ya raɗa mini cewa wani yaro ne ɗan aji ɗaya, siriri marar magana, wanda gadonsa yake bakin ƙofa. Ban yi bincike ba. Na kira shi gaban jama'a, na zazzage akwatinsa, ba a sami kome ba sai garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sabulu rabi. Duk da haka na ce ya ɓoye ne, na sa shi wankin bayan gida mako guda. Yana kuka yana rantsuwa, na ce hawayen ɓarawo ne. Daga ranar yara suka sa masa suna Ɓera. In ya shiga ɗakin cin abinci sai ka ga kowa yana jan kwanonsa.

Cikin makon ne Malam ya ba mu aikin rubutu: "Wane irin sarki ne Shaka?" Na sami wani tsohon littafi a laburare, na kwashe abin da ke ciki shafi huɗu. Na rubuta cewa Shaka ba ya ƙoshi da jini, shi kaɗai ya tarwatsa kudancin Afirka, kuma da uwarsa ta mutu a 1827 an kashe mutum dubu bakwai wajen makoki. Ina tsammanin tara bisa goma. Da takarda ta dawo sai na ga huɗu, a ƙasa kuma an rubuta: "Wa ya gaya maka?"

Na bi shi ofishin malamai raina a ɓace. Na ce, "Malam, ai a littafi na gani." Ya ce, "Shi mai littafin wa ya gaya masa?" Na yi shiru. Ya ce in zauna.

Ya bayyana mini cewa yawancin labarin da duniya ta fara ji game da Shaka ya fito ne daga bakin 'yan kasuwa biyu Turawa da suka zauna a Port Natal, inda birnin Durban yake yanzu. Ɗaya Henry Francis Fynn, wanda ya iso a 1824. Ɗayan Nathaniel Isaacs, wanda ya iso a 1825 yana ɗan shekara 17, wato da shekara ɗaya kacal ya girme ni. Isaacs ya buga littafinsa a 1836. Akwai kuma wasiƙar da ya aika wa Fynn a 1832, inda ya shawarce shi da ya zuzuta zaluncin sarakunan Zulu iyakar iyawarsa, domin littafi ya yi kauri ya kuma ja hankalin masu saye. Ban da haka, mutanen nan suna so Ingila ta karɓe Natal don su mallaki filaye, kuma hanya mafi sauƙi ta samun haka ita ce a nuna cewa masu ƙasar dodanni ne. Shi Fynn, wanda lissafin dubu bakwai ya fito daga gare shi, littafin da ya fara rubutawa ya salwanta, sai daga baya ya sāke rubutawa da ka, ba a kuwa buga shi ba sai 1950.

Na ce, "Ashe ke nan duk ƙarya ce, Shaka mutumin kirki ne?" Malam ya yi dariya ya ce na tsallake rami na faɗa rijiya. Ya ce wani ma'aikacin gwamnatin Natal, James Stuart, ya yi shekaru tun daga wajejen 1890 har bayan 1920 yana zama da dattawa kusan 200 yana rubuta abin da suka ji daga iyayensu. Su ma sun ba da labarin kashe-kashe, har da na makokin Nandi, amma sun kuma ba da labarin sarki mai kyautar shanu, mai jawo waɗanda ya ci da yaƙi cikin jama'arsa. A 1922 Magema Fuze, wanda ya taso a Natal, ya buga tarihin mutanensa cikin harshen Zulu. A 1966 John Omer-Cooper, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan, ya fitar da littafin da ya nuna zamanin Mfecane a matsayin lokacin da 'yan Afirka suka kafa sababbin dauloli da kansu: Moshoeshoe a Lesotho, Mzilikazi a ƙasar da ta zama Zimbabwe, Soshangane a Mozambik. Sa'an nan a 1988 Julian Cobbing ya ce an ɗora wa Shaka laifin da ya kamata a raba da masu cinikin bayi na bakin teku da Turawan Kef masu farautar ma'aikata. Waɗansu masana sun yarda da wani sashe na maganarsa, sun ƙi wani. Ga kuma fari da yunwa da rigimar cinikin hauren giwa, duk sun taimaka wajen tashin hankalin.

Ya ce, "Ka ga aikin ɗalibin Tarihi. Duk labarin da aka kawo maka, ka tambayi abu uku. Wa ya faɗa? Ya gani da idonsa ko ji ya yi? Me zai samu in an yarda da shi?" Da zan fita ya ƙara da cewa, "Na ji ana kiranka Shaka. Ka tuna 'yan'uwansa Dingane da Mhlangana ne suka kashe shi a watan Satumba na 1828, tare da baransa Mbopha. Mutanen da ke tsoronka ba su ne masu ƙaunarka ba."

Daren nan na kwanta ina juyi. Ina hango gadon bakin ƙofa, yaron ya dunƙule cikin bargo. Tambayoyin Malam suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Wa ya gaya mini shi ne ɓarawon? Abokina. Ya gani? Ban tambaye shi ba.

Da gari ya waye na tambaye shi. Ya ce shi ma wani ɗan aji biyu ya gaya masa. Na nemo ɗan aji biyun, ya ce shi dai ya ga yaron a ɗaki lokacin da ake wasanni. Da na matsa sai ta bayyana cewa sun taɓa yin faɗa kan layin famfo, kuma yaron zazzaɓi ne ya hana shi fita fili ran nan. Na koma wurin mai kuɗin. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ce ai ya ga kuɗinsa tun kwana biyu bayan abin, cikin littafinsa na Lissafi, amma kunya da tsorona suka hana shi faɗa. Tsorona! Wato tsoron da nake taƙama da shi ne ya rufe bakin mai gaskiya. A ranar kuma na ji cewa yaron ya aika wa mahaifinsa saƙo a zo a ɗauke shi, ya fasa karatun.

Bayan karatun dare na tara 'yan ɗaki. Ban taɓa jin nauyin baki irin na ran nan ba. Na faɗi yadda aka yi tun daga farko, na ce ni ne babban mai laifi, domin ni na yanke hukunci ba shaida. Na roƙi yaron gafara, na kuma ɗauki wankin bayan gida na mako guda da kaina. Ya ce ya yafe, amma bai dube ni ba. Washegari na kai kaina wurin malamin gidanmu na gaya masa. Ya yi mini faɗa sosai, ya kira mahaifin yaron ya yi masa bayani, aka bar shi ya ci gaba da karatu.

Kada ku zaci magana ta ƙare nan. Har yau akwai 'yan wasu ɗakuna da ke kiransa Ɓera, domin su zargin suka ji, ba su ji wankewar ba. Duk inda na ji sai na tsaya na yi bayani, amma baki ɗaya ba ya kamo abin da baki ɗari suka watsa. Wannan ya sa na gane dalilin da hoton da Isaacs ya zana ya yi kusan shekara 200 yana yawo, ko da yake masana sun daɗe da gano wasiƙarsa. Zulu kuwa ba su bar wa baƙi labarin sarkinsu ba. Ran 24 ga Satumba da suke tunawa da Shaka ta zama ranar hutu ta al'adun gargajiya ga dukan Afirka ta Kudu, babban filin jirgin saman Durban da aka buɗe a 2010 kuma sunansa yake ɗauke da shi.

Na sāke rubuta aikin nan, na kawo abin da Fynn ya ce, da abin da dattawan Zulu suka ce, da dalilin kowa. Na sami takwas. Na kuma roƙi abokaina su daina kirana Shaka.

Iyayenmu, na san da yawanku kun fi so mu ba da ƙarfi ga Kimiyya da Lissafi, kuna ganin Tarihi tatsuniya ce ta mutanen da suka shuɗe. Mahaifina ma ya taɓa tambayata abin da labarin Zulu zai saya mini a kasuwa. Da na je hutu na ba shi wannan labari, ya yi shiru, sa'an nan ya ce in gaishe da Malam. 'Yan'uwana shugabannin ɗakuna kuwa, in an kawo muku ƙarar wani yaro gobe, kafin ku miƙa masa lauje, ku fara tambayar mai kawo ƙarar: wa ya gaya maka?